Kalmomin Turanci Waɗanda Ba A Jinsu A Kasuwa

 

Yawancinku kun fi shekara guda a wannan aji. Kun iya karatun boko, kuna rubuta wasiƙa da hannunku, kuna lissafin cinikinku ba sai kun nemi wani ba. Waɗansunku kuma sun soma Turanci, har suna iya gaisawa da baƙo, su yi ciniki da shi, su kwatanta masa hanyar tasha. To, madalla. Amma maganar da na zo da ita yau ba ta Turancin gaisuwa ba ce. Ta waɗansu kalmomi ce waɗanda mutum zai shekara yana kai da kawowa cikin kasuwa bai ji ko ɗaya ba, sai ran da aka miƙo masa takarda aka ce ya sa hannu.

Bari in fara da labarin wani maƙwabcina, tela. Mutum ne mai hankali, yana kuwa jin Turanci daidai gwargwado. Wata rana abokinsa ya zo ya ce zai karɓi rance a wani wurin ba da bashi, yana so ya raka shi ya yi masa shaida. Tela ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, ya rufe shago suka tafi. Aka ba shi fam. Ya ga inda za a sa suna, da inda za a sa adireshi, da inda za a sa kwanan wata, duk ya gane su sarai. Amma a bisa layin da zai sa hannu akwai wata kalma guda, "guarantor". Bai taɓa ganinta ba. Akawun kuwa yarinya ce wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, sai kunya ta hana shi tambaya. Ya ce a ransa, tun da shaida aka kira ni, wannan ita ce shaida da Turanci. Ya sa hannu.

Ashe ba ita ba ce. Mai shaida da Turanci shi ne "witness", watau wanda ya ce, na ga wane ya sa hannu a gabana. Iyakar nauyin da ke kansa ke nan. "Guarantor" kuwa shi ne wanda ya tsaya wa mai cin bashi, ya ce in wane bai biya ba ni zan biya. Bayan 'yan watanni abokin nan ya bar gari ba sallama. Tela yana da keken ɗinki uku, sai da aka sayar da biyu kafin a rabu da shi. Kalmomin da ke cikin takardar nan sun fi ɗari biyu, ya kuwa san mafi yawansu. Guda ɗaya tak ta kwashe masa jari.

Abin da ya sami telan nan ba don sakarci ba ne, haka harshen yake. A cikin 1953 wani malami Bature, Michael West, ya buga jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 waɗanda suka fi amfani ga mai koyo. Masu binciken harshe sun ƙirga sun ga kalmomi 2,000 da aka fi yawan maimaitawa su ne wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin rubutun Turanci. In mutum ya ji haka sai ya yi murna, ya ce ashe aiki ya kusa ƙarewa. Amma ku lissafa da kanku. Cikin kowace kalma goma, biyu ba ka san su ba. A shafi mai kalma 300, guda 60 ke nan. Takwas ɗin nan da ka sani kuwa yawanci ƙanana ne, irin su "da" da "na" da "cikin" namu, waɗanda aikinsu ɗaure magana ne kawai. Ainihin abin da takardar ke nufi yana cikin biyun da suka rage. Wani masani na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yawan tsayawa ba, sai ya san kalma 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. Kada wannan lissafi ya karya muku zuciya. Ba jarrabawa za ku zauna ba. Abin da kuke bukata shi ne kalmomin takardun da ke shigowa gidajenku.

Wataƙila wani zai tambaya, me ya sa Turawa ba su rubuta takardunsu da kalmomin da suke magana da su? Dalilin yana cikin tarihinsu. A 1066 wani basarake daga Normandi, a arewacin Faransa, sunansa Wiliyam, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri da ake kira Hastings, ya hau sarauta. Mutanensa Faransanci suke yi. Wajen shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na manya, Latin kuma harshen malaman coci da na manyan littattafai, talakawa suna nan da Ingilishinsu na gado. Talaka mai kiwo yana ce wa saniya "cow", tunkiya "sheep". In an yanka an kai gaban basarake, naman saniya ya zama "beef", na tunkiya "mutton", duka biyu daga Faransanci. Har yau haka ake faɗa. A 1362 aka yi doka a riƙa yin shari'a da Ingilishi, amma lauyoyi ba su saki kalmomin da suka saba da su ba.

Don haka sau da yawa abu guda yana da suna biyu, na gida da na ofis. Bature a gida zai ce "buy", saye ke nan, amma a takarda sai ya rubuta "purchase". A gida "begin", farawa, a takarda "commence". A gida "end", ƙarewa, a takarda "terminate". Ma'aikacin da ya ga "terminate" a wasiƙar da aka aiko masa daga wurin aiki, to, an sallame shi ke nan.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin namu harshen ma haka yake. Ku ɗauki baƙon da ya koyi Hausa a kasuwar Kurmi. Ya iya "nawa ne", ya iya "albarka", ya iya "sallama", har ya iya ba'a. Ran da ya shiga gaban alƙali ya ji ana wasiyya, ana diyya, ana idda, ana wakilci, sai ya zama kurma. Waɗannan duka daga Larabci muka samo su, ta hanyar malamai da littattafan shari'a. Yadda Larabci yake a cikin Hausa, kusan haka Faransanci da Latin suke a cikin Turanci.

Wani abin daɗi shi ne, kun riga kun san da dama daga cikin manyan kalmomin nan ba ku sani ba, don sun shigo Hausa sun sa rigarmu. Sammaci daga "summons" yake. Beli daga "bail". Fansho daga "pension", garatuti daga "gratuity", ariyas daga "arrears", alawus daga "allowance", inshora daga "insurance". Sammaci ma ku dubi irin tafiyar da ya yi: daga Faransa ya haye Ingila, daga can ya zo mana. Saboda haka in kun ci karo da doguwar kalma, ku fara faɗinta da ƙarfi sau biyu ko uku ku saurara. Wani lokaci sai ku ji ashe tsohuwar saniya ce aka canja wa ƙaho.

In ba ku ji ta ba, sai ku gwada fasa ta. Doguwar kalmar Turanci yawanci ƙanana ne aka harhaɗa. Mu ma muna yin haka. Mun san noma, mun san ƙira, mun san saƙa. In aka sa "ma" a gaba sai a sami manomi, maƙeri, masaƙi. Yaron da bai taɓa jin "marini" ba, in ya san rini, ba sai an gaya masa ba. Waɗanda suka yi karatun littattafai a zaure kuma sun san hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk tushensu ɗaya ne a Larabci.

To, ga yadda abin yake a Turanci. Kun sha ganin "non-refundable" a jikin rasit, ko a takardar neman makarantar yara. Doguwa ce, amma ku yanka ta. "Refund" shi ne mayar da kuɗi. "Able" a ƙarshe yana nufin abin da zai yiwu. "Non" a farko yana nufin a'a. Ku haɗa: kuɗin da ba za a mayar ba. Wanda ya gane wannan ba zai biya ba sai ya tabbata yana son abin. Haka kuma "port", daga wata kalmar Latin mai nufin ɗaukar kaya. "Import" shigo da kaya, "export" fita da kaya, "transport" kai kaya daga wani wuri zuwa wani, "porter" ɗan dako, "deport" a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu. Kalma guda kuka koya, kuka sami biyar kyauta.

Ku lura kuma da ƙarshen kalma, domin shi ke nuna wane ne wane. Mai ƙarewa da "er" ko "or" yawanci shi ne mai yin abu, mai ƙarewa da "ee" shi ake yi wa. "Employer" mai ɗaukar ma'aikata, "employee" wanda aka ɗauka. "Payer" mai biya, "payee" wanda za a biya. Da telan nan ya san wannan, da ya ga "or" a ƙarshen kalmar nan ya san akwai wani aiki da ake ɗora masa, ko da bai san wane iri ba ne.

Sai dai fa kama da wane ba ta wane. Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun san ɗakin awo a asibiti, inda aka rubuta "antenatal". "Ante" yana nufin kafin, "natal" kuma abin da ya shafi haihuwa. Amma akwai "anti", bambancinsu harafi ɗaya ne, shi kuwa yana nufin mai gāba da abu, kamar "antimalarial", maganin zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne "in". Yawanci yana kore magana ne: "correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba. Sai mutum ya ga "inflammable" a jikin tankar mai ko gwangwanin fenti, ya ce tun da "flame" harshen wuta ne, wannan abin da ba ya kama wuta ke nan. Alhali kuwa nufinsa abin da ke kama wuta nan da nan. Don haka fasa kalma hanya ce ta yin zato mai kyau, amma zato ne. In kana karanta labarin ƙwallo a jarida, zato ya isa, ka wuce abinka. In magani ne, ko kuɗi, ko fili, ko kotu, zato bai isa ba.

Ni a ganina ma akwai waɗanda suka fi dogayen kalmomi cutarwa, watau gajeru waɗanda ka sani da ma'ana guda, ashe suna da wata a ɓoye. Doguwar kalma tana tsoratar da kai ka tsaya. Gajeruwa kuwa sai ka wuce ta da sauri kana tsammanin ƙawarka ce. Kowa a nan ya san "fine", ita ake amsa gaisuwa da ita. A takardar kotu kuwa "fine" tara ce. "Interest" a makaranta sha'awa ce, a banki kuɗin ruwa ne. "Principal" shugaban makaranta ne, a takardar bashi uwar kuɗi ce. "Sentence" a aji jimla ce, a bakin joji hukuncin da aka yanke ne. In kun ga kalmar da kuka sani ta zauna a wurin da ba ta dace ba, ku yi shakkarta.

Nan ne ƙamus ke da amfani. Sunan nan ƙamus daga Larabci yake, asalin ma'anarsa teku. Wani malami, Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, shi ya sa wa littafinsa na kalmomin Larabci wannan suna, littafin ya shahara har sunan ya bi kowane littafi irinsa. Sunan kuwa ya dace. A Ingila Samuel Johnson ya yi wajen shekara tara yana aikin nasa, ya fito a 1755 da kalma fiye da 42,000. Babban ƙamus na Oxford an soma fitar da shi kashi kashi a 1884, ba a gama ba sai 1928, bugun 1989 kuwa littafi 20 ne manya manya. Ba mai shanye teku. Na taɓa ganin wani saurayi ya ɗauki ƙamus ya ce zai haddace shi daga farko. Bai fita daga harafin "A" ba ya ajiye. Ƙamus wurin ɗiba ne, ka je da gugarka ka ɗebi abin da kake bukata ka dawo.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na Turanci zuwa Hausa. Akwai na Neil Skinner wanda ya fito a 1965, akwai na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ke nuna yadda kalma ke aiki cikin magana. In aji ya yi karo karo ya sayi guda ɗaya ya ajiye wurin malam, ya wadatar. Abin da ke ba sabon mai dubawa wuya abu uku ne. Jerin haruffan Turanci ba daidai yake da namu ba: ba su da ɓ da ɗ da ƙ, suna kuwa da p da q da v da x. Sa'an nan ba a samun kalma da jelarta: in ka ga "forfeited", sai ka cire "ed" ka nemi "forfeit", watau rasa abu saboda saɓa sharaɗi. Na uku, kada ka tsaya a ma'anar farko. Ka karanta duka, ka koma kan takardarka ka ga wadda ta zauna daidai. Masu wayar hannu mai intanet suna iya dubawa a ciki, ba laifi. Amma in ka ba waya kalma guda tsirara, sau da yawa ma'anar da aka fi sani za ta ba ka. Ka rubuta mata jimlar duka, kuma in abin mai nauyi ne ka sake tambayar mutum.

Samun ma'ana ba wuya, riƙe ta ne aiki. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ƙwaƙwalwarsa da kansa ya buga sakamakon a 1885. Ya ga mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, daga nan sai ta riƙa lafawa, kuma in an yi bita lokaci lokaci abin ya fi zama. Gardawanmu ba su karanta Ebbinghaus ba, amma sun san wanda ya bar tilawa haddarsa za ta zube. To, kowa ya sami ɗan littafin rubutu mai shiga aljihu. In ka sami sabuwar kalma, ka rubuta ta, ka rubuta jimlar da ka same ta a ciki, da inda ka gan ta, sa'an nan ma'anarta da Hausa. Ka duba ta a daren nan kafin ka kwanta, ka sake dubawa gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Ka rufe Hausar da yatsa ka tambayi kanka. In da hali ka koya wa matarka ko ɗanka, don abin da ka koya wa wani da wuya ya kuɓuce maka.

Kalma biyar a mako ta isa. A shekara 260 ke nan. Amma ku zaɓe su daga inda rayuwarku take. Manomi ya fara da robar maganin feshi: "dilute" a sirka da ruwa, "toxic" mai guba. Na san wanda ya zuba maganin ciyawa yadda yake, bai sirka ba, ya ƙone wakensa, hannunsa kuma ya saɓule. Uwa ta fara da kwalbar magani: "dose" gwargwadon abin da za a sha, "expiry" ranar da magani ke lalacewa, "oral" na sha ta baki, "external use only" na shafawa kawai, ba a sha. Mai haya ya koyi "tenant", ɗan haya, da "notice to quit", takardar tashi. Mai fili ya koyi "lease", haya ta shekarun da aka ƙayyade, da "revoke", soke izini, da "mortgage", jinginar da gida ko fili. Wannan ta ƙarshe ma Faransanci ce ta dā, fassararta matacciyar jingina, Allah Ya raba mu da ita.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa ku tara manyan kalmomi don ku riƙa zuba dogon Turanci a majalisa. Akwai masu yin haka, su haddace kalma mai gaɓa shida su jefa ta inda ba wurinta ba, waɗanda suka sani suna dariya a ɓoye. In za ku yi magana ko ku rubuta wasiƙa, ku yi da gajerun kalmomin da kuka tabbata da su. Manyan nan don ganewa ne, domin in wani ya rubuto muku su ku san abin da ya ce.

Saura magana guda, ita ce kuwa ta kunya. Dā can da kuke dangwala yatsa, akawu ya san sai ya karanta muku ya fassara. Yanzu da ya ga kun zaro biro daga aljihu kun rubuta sunanku da kyau, sai ya ɗauka kun gane kome, ba zai ce muku uffan ba. A kotu kuwa, galibi wanda ya sa hannu a takarda ana ɗauka ya yarda da abin da ke cikinta. Watau ɗan karatun nan da kuka samu ya ƙara muku nauyi. Saboda haka in aka ba ku takarda, ku ɗauki fensir ku ja layi ƙarƙashin kowace kalmar da ba ku sani ba. Ku ce wa akawu, "Malam, wannan me take nufi?" In bayaninsa bai gamsar da ku ba, ku ce a ba ku kwafi ku tafi da shi gida ku dawo gobe. Mai gaskiya ba zai hana ku ba. Wanda ya ce lalle sai yanzu yanzu, ku mayar da bironku aljihu. Lauyoyi ma da suka yi shekaru a jami'a suna da ƙamus na kalmomin shari'a a ofisoshinsu, suna kuwa buɗe shi.

Ran Laraba mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kowa ya zo da takarda guda ta Turanci daga gidansa: kwalin magani, ko rasit, ko takardar makarantar yaro, ko buhun taki. Wanda takardarsa ke da sirri ya kwafo jimlar kawai a littafinsa. Za mu rubuta kalmomin a allo mu bi su ɗaya ɗaya. Kada a manta da ɗan littafin aljihu da fensir.